Bargon Zannuwan Inna

A gidanmu ni ce mai baki, Yaya ce mai hannu. Haka Inna, mahaifiyarmu, ta raba mana gado tun tana da rai, kuma ba ta yi kuskure ba. Yaya za ta wuni da allura ba ta ce uffan ba. Ni kuwa ko maɓalli na ɗinka sai ya karkace, amma ajiye ni gaban mai saye ka sha kallo. Da wannan rabon muka ci abinci a Landan fiye da shekara goma.

Yaya ce ta fara zuwa, a farkon shekarun tamanin, ta biyo mijinta da ya zo karatu a unguwar Bloomsbury. Ni ma na biyo baya da sunan karatu. Ba a daɗe ba kuɗin da ake turo wa mijin nata daga gida ya fara zuwa da tsallake, daga baya ya ɗauke ɗif. Muka tattara komatsanmu muka koma wani gidan council, irin na hayar gwamnati, a unguwar Deptford, hawa na huɗu, ɗaki biyu da falo. Sanyin gidan nan ba ya jin rarrashi. Shi ne ma ya koya mana sana'a, don Yaya ta gaji da ganin 'yarta tana kwana a dunƙule, ta je wurin wani tela ɗan Gana a Peckham ta roƙi ƙyallayen atamfar da yake zubarwa. Ta haɗa su, ta shimfiɗa auduga a tsakiya, ta yi shafi da tsohon zanen gado, ta bi shi da ɗinki tun daga wannan gefe har wancan. Maƙwabciyarmu ta gani ta ce a yi mata. Wata ta gani a ɗakin maƙwabciya. Kafin shekara ta zagayo muna da tebur a kasuwar Deptford.

Kowa da aikinsa. Ranar Litinin ni ke hawa bas da ƙatuwar jaka in zaga telolin Peckham, in yi wa wannan kirari, in yi wa wancan tsiya, har jakar ta cika. A gida sai mu wanke ƙyallayen tas, mu goge, mu baje su a tsakar falo kala-kala. Dokar Yaya ce wannan: ƙyallen da ba a wanke ba ba ya shiga bargonta, don wata atamfar tana zuba, wata tana tsukewa. Mijin Yaya shi ke yanka mana ma'auni da kwali, mai kusurwa uku da mai huɗu, yana yi yana cewa dubi inda digiri ya kawo shi. Ni kuma in ce ai gara da ya zo nan, ko ba komai an ga amfaninsa. Shi ya sayi wata tsohuwar ƙaramar bas ya cire kujerun baya, ita ce motar kasuwancinmu. In za ta tashi da safe sai ta yi tari kamar mai shan taba.

Ɗinkin kuwa na Yaya ne ita kaɗai. Keke yana haɗa ƙyallaye, amma bin saman bargo da hannu take yi, kuma hannun nan a kan hula ya koyi aiki. Inna ɗinkin hula ta yi duk rayuwarta, da shi ta ciyar da mu bayan rasuwar mahaifinmu, kuma Yaya tun tana 'yar shekara bakwai take zama gefenta. Saboda haka zanen da ake yi wa hula shi Yaya ke zubawa a kan bargo, sawun allurarta ƙanana, a jere kamar ƙwayar gero.

Wata mai sayen kayanmu ce ta ba mu labarin cewa Turawa suna yin baje koli na irin waɗannan barguna kawai, a garuruwa daban-daban, har da gasa. Na ɗauka zolaya ce. Ashe gaskiya ne, kuma abin nasu ba wasa ba ne. Wani a ɗakin taron makaranta ake yi, wani a na coci, wani a babban zaure a bayan gari. Mukan tashi bayan sallar asuba, mu loda kaya, da fulas ɗin shayi da cincin da dambun nama, mu bar yara wurin maƙwabciya, mijin Yaya yana tuƙi ni ina riƙe da taswira muna musu a kan hanya. Sau biyu na kai mu garin da ba shi ba ne, har yau bai bar ni na huta ba.

Zuwanmu na farko mun sha kunya. Baje bargunan muka yi a kan tebur, ɗaya kan ɗaya, kamar yadda muke yi a kasuwa, alhali kowa nasa a rataye yake. Ga alƙalan gasa da farar safar hannu, su zo su ɗaga bargo su fara duba bayansa. Mu da muka saba mai saye fuskar kaya yake kallo, sai ga mutanen da bayan kaya ya fi damu. Muna tsaye kamar baƙin kasuwa sai wata tsohuwar Baturiya mai teburin kusa da mu ta matso. Zare take sayarwa da allurai da ƙananan ƙullin yadi. Ta juya bargo ɗaya, ta daɗe tana kallon ɗinkin, ta cire tabarau ta goge ta mayar, sannan ta tambayi wa ya yi. Na nuna Yaya. A ranar ta koya mana yadda ake ɗinka dogon aljihu a bayan bargo don a zura sanda a rataye, ta ara mana sandunanta biyu, ta kuma rubuta mana garuruwan da ya kamata mu je da waɗanda ɓata mai ne kawai.

Gwaggo muka sa mata, kuma da na gaya mata ma'anarsa ta ji daɗi ƙwarai. Mijinta ya rasu, ba ta da ɗa, daga ita sai karenta a wani ƙauye a Kent. Daga nan duk inda za a yi baje koli sai ta nemi a sa teburinmu kusa da nata. In lokacin salla ya yi ita ke tsare mana kaya mu je mota mu yi. Har ta riga mu duba agogo, ta ce lokacin addu'arku bai yi ba? Cincin ɗin Yaya kuwa sai da muka koma yin nata ƙullin daban. Shekara huɗu muna haka, ban taɓa ganin ta ɓata mana rai ba.

A cikin waɗannan shekarun Inna ta rasu. Kafin waya ta same mu an riga an kai ta makwancinta. Yaya tana da tsohon ciki, ni kuma fasfona yana ofis ana sabunta mini takardun zama, don haka ko zaman makoki babu wadda ta samu a cikinmu. A falon nan na Deptford muka karɓi gaisuwa, mata suna zuwa da kuloli suna tafiya. Na yi kuka, amma mutuwar ba ta zauna mini ba, kullum ji nake kamar Inna tana can tana ɗinkinta.

Bayan wata uku wani ɗan uwan mijin Yaya ya zo daga Kano da jaka, rabonmu na kayan sawar Inna. Yaya ta zuge zif ɗin, sai ƙamshi ya cika falon. Inna ba ta sa zane a adaka sai ta turara shi, kuma turaren wutarta ita ke haɗa abinta, ba ta taɓa gaya wa kowa abin da take sawa ba. Ƙamshin ɗakinta ne sak, ƙamshin da ke jikinta in ta rungume ka. Yaya ta tashi da sauri ta rufe taga. A ranar na yarda Inna ta mutu, na kwanta a kan jakar nan na yi kukan da ban yi ba a baya.

Da Yaya ta ce za ta yanka zannuwan ta yi bargo, sai da muka yi kwana biyu ba ma magana. Na ce wane irin rashin imani ne a sa almakashi a kayan Inna. Ta ce zane a akwati asu ne zai ci, kuma ni da ita babu mai ɗaura su, amma bargo za mu lulluɓa da shi mu da 'ya'yanmu. Na san ta fi ni gaskiya, kuma na san in ta ƙudurta abu ba ta fasawa. Sai na yi abin da na iya. Akwai wani koren zane da Inna ta ɗaura ranar da ta raka ni filin jirgi, na zare ɗankwalinsa, na naɗe a leda, na sa a gwangwanin biskit, na tura can ƙarƙashin gadona. Da Yaya ta neme shi na ce wataƙila a gida aka manta. Ta dube ni, ta ci gaba da abin da take yi.

Wannan ne bargo ɗaya tilo da Yaya ta karya dokarta a kansa: ba ta wanke zannuwan ba. Hunturu guda ta yi tana ɗinka shi, jaririnta a gefe. Babu ƙyallen tela ko ɗaya a ciki. Ga atamfar da Inna ta yi anko da ita a bikin Yaya, ga wani baƙin saƙi da ta gada wurin kakarmu, ga koren zanen a tsakiya. Ta bi shi da zanen hular da Inna ta fi so. Da ta gama, ni da na yi ta faɗa sai da na sara mata.

Ba na sayarwa ba ne, kowa ya sani. Amma mukan tafi da shi baje koli mu rataye shi a bayan teburinmu, don yana tsayar da mutane, wanda ya tsaya kuwa da wuya ya wuce hannu rabbana. Ana tashi Yaya za ta naɗe shi ta sa a babbar leda ta ɗaure bakin tam, saboda ƙamshin. Ko a gida ba kullum ake fito da shi ba. In ɗayanmu ta tashi da kewa, sai ta kwance ledar ta cusa fuskarta na ɗan lokaci, ta ɗaure, ta kama harkar gabanta. Ba mu taɓa gaya wa Gwaggo tarihinsa ba. Yaya ba mai baje cikinta ba ce, ni kuma ina ganin ba ciniki ba ne balle in yi talla.

Abin ya faru ne a wani baje koli da aka yi a ɗakin taron wata makaranta, da bazara. Na je mota na yi azahar, na tsaya ɗauko fulas, muka ɗan taɓa musu da mijin Yaya. Ina dawowa na hangi bayan teburinmu fayau. Yaya tana tsaye tana naɗe bargon Inna da hannunta, Gwaggo kuma tana share hawaye da hankici. Kafin in ƙaraso Yaya ta ɗora mata shi a hannu. Gwaggo ta rungume ta, ta juyo ta rungume ni, tana cewa tunda take ba a taɓa yi mata kyauta irin wannan ba.

Ga abin da ya faru. Mutane sun ɗan ragu, Gwaggo ta zo ta tsaya gaban bargon kamar yadda ta saba, ta ce shekararta arba'in tana ganin barguna, amma wannan kaɗai ne ta taɓa jin da ma nata ne. Yaya kuwa ta faɗi abin da duk wata 'yar mutunci za ta faɗa a Kano in an yaba kayanta: ai naki ne, ki ɗauka. A wurinmu wannan magana tana da amsarta. Sai ki ce a'a wallahi, na gode, ya fi kyau a wurinki. Mai kaya ta sake cewa, ke ma ki sake ƙi, a yi dariya, kowa ya riƙe mutuncinsa da kayansa. Gwaggo ba ta san wannan ba, ina za ta sani? Ita ma ta yi nata irin ladabin, ta tambaya har sau biyu ko Yaya ta tabbata. To wace Bahaushiya ce za a tambaya ko ta tabbata da kyautarta ta ce a'a?

Na daure har muka shiga mota. Ko fita daga harabar makarantar ba mu yi ba na fashe.

"Yaya, kin san abin da kika yi kuwa? Zannuwan Inna fa."

"Na sani."

"Bari in koma in yi mata explaining. Minti biyu. Matar nan tana da hankali, za ta gane."

"Ba inda za ki."

"Don Allah Malam ka tsayar da motar nan," na ce wa mijinta.

Ya rage gudu, ya dubi matarsa. Ta girgiza kai, ya ci gaba da tafiya. Yaya ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Magana zarar bunu ce. Ni na ce ta ɗauka, ba ƙwata ta yi ba. Shekara huɗu matar nan tana tsare mana kaya muna salla, yau in je in ce ta dawo da abin da na ba ta? Da wane idon zan kalle ta?"

Na ce kunyar da za ta raba mutum da uwarsa ba kunya ba ce, wauta ce. Na faɗi wasu maganganun ma da ba zan maimaita ba. Sai da muka shigo Landan na lura ledar bargon tana kan cinyarta, babu komai a ciki, ta ninke ta ƙanana tana riƙe da ita.

Watannin da suka biyo baya ba su yi daɗi ba. Aiki bai tsaya ba, amma Yaya ta koma bin barguna da keke, ta ce hannunta ke ciwo. Ƙarya take yi, na sani. Ni kuma haushi biyu ke cina: haushinta, da tausayinta da ya hana ni sake tayar da maganar. Wani lokaci in ta fita kai yara makaranta sai in jawo gwangwanina in buɗe in shaƙa, in mayar da sauri kamar ɓarauniya. Ban taɓa jin daɗin hakan ba, don na san ita ba ta da inda za ta.

Bayan kamar wata uku muka sake haɗuwa da Gwaggo. Ta zo da fara'arta, da ambulan na hotuna, wai ta kawo wa Yaya ta ga yadda bargon ya zauna a ɗakinta. Ga shi nan kuwa shimfiɗe a kan gado, hasken taga yana dukansa. A hoto na uku karenta ne kwance a tsakiyarsa, daidai kan koren zanen, ya miƙe ƙafafu. Gwaggo tana dariya tana cewa shi ma ya ƙi yarda da kowane wuri sai nan. Yaya ta daɗe tana kallon hoton, ta miƙa mata, ta ce ɗakin ya yi kyau. Daga nan ta ce za ta je mota ta ɗauko wani abu, ba ta dawo ba sai bayan kusan awa guda.

Ranar Litinin da ta biyo baya ban je Peckham ba. Na ɗauki jakata kamar kullum, na wuce tashar jirgin ƙasa, na nufi ƙauyen Gwaggo da adireshin da ke jikin katin da ta taɓa ba mu. A hanya na shirya maganganu masu zafi. Da ta buɗe ƙofa ta gan ni, murnar da ta yi ta rushe su duka. Ta zaunar da ni a kicin, ta dafa shayi, karen yana ta shinshina mini ƙafa ina janyewa. Na rasa ta inda zan fara, sai kawai na fara daga Inna: ɗinkin hula, da wayar da ta zo bayan an binne ta, da jakar da aka kawo. Sannan na gaya mata yadda ake yi a wurinmu in an yaba kayan mutum. Da bakina ya buɗe kuwa bai tsaya ba, har maganar kare sai da na yi, na ce mu ba ma barinsa ya hau shimfiɗa, balle tufafin mamaci.

Tsohuwar nan ta yi jawur, ta rufe bakinta da hannu. Ta ce, "Wayyo ni. Na ɗauke mata mahaifiyarta, kuma na tsaya ina yi mata godiya." Ta tashi za ta ɗauko bargon in tafi da shi a take.

Na ce ta zauna. "In na shiga gida da shi, gobe Yaya za ta sa shi a kwali ta aiko miki ta gidan waya, ni kuma ta daina yi mini magana. Ba ta karɓar abin da ta bayar."

Ta juya cokali a kofi. Can ta ce in sake faɗa mata yadda ake yi, dalla-dalla, wa ke cewa me, kuma sau nawa. Na faɗa. Sai ta ce, "To in ita ce ta yaba wani abu nawa fa?"

Wallahi dabarar tata ce, ba tawa ba. Abin da na ƙara kawai shi ne na koya mata kalmomi biyu na Hausa, ta rubuta a bayan ambulan, ta yi ta maimaitawa har na tafi. Da na koma gida da jaka babu ƙyalle, na ce telolin ba su tara komai ba wannan makon.

Baje koli na gaba da kaka aka yi. Muna shiga da kaya muka gan shi, rataye a bayan teburin Gwaggo, shi kaɗai. Yaya ta tsaya cak. Ta juyo ta yi mini kallo ɗaya, irin wanda Inna ke yi mana in mun yi abin kunya gaban baƙi, ta ajiye kayan hannunta ta fara jerawa. Wuni guda ba ta waiga wajen ba. Ta gaisa da Gwaggo, ta ba ta cincin ɗinta, amma idonta a ƙasa. Ni kuwa cinikin ranar ban san yadda na yi shi ba.

Sai da aka fara tattara kaya Gwaggo ta kira ta, ta ce ta zo ta taya ta sauke sanda. Yaya ba ta da yadda za ta yi. Ta je ta tsaya gaban bargon, hannunta ya kai kan koren zanen da kansa. Gwaggo ta ce, "Yana da kyau, ko ba haka ba?"

Yaya ta ce, "Yana da kyau."

"Naki ne," in ji Gwaggo, da Hausarta da ta karkace kamar maɓallina.

Yaya ta ce a'a, ya fi kyau a wurinta. Gwaggo ta sake cewa naki ne. Yaya ta sake ƙi. A na uku tsohuwar ba ta jira amsa ba, ta zare sandar, ta tattaro bargon ta tura mata a ƙirji, ta juya mana baya ta shiga zuba zarurrukanta a kwali kamar ba ta san mu ba. Yaya ta tsaya rungume da shi a tsakiyar zauren, mutane suna wucewa da kaya suna ratse ta.

A mota na zauna a baya ina jin kaina kamar wadda ta ci gasa. Mijin Yaya ya kalle ni ta madubi ya ɗaga gira, na yi kamar ban gani ba. Muka hau babban titi. Sai na ga Yaya ta sunkuya ta cusa fuskarta a cikin bargon. Ta daɗe a haka. Ta ɗago, ta juya wani gefen, ta sake cusawa. Sannan ta ɗago ta ce, a hankali, "Ta wanke shi."

Na karɓa na shaƙa. Ƙamshin sabulun Turawa ne, mai daɗi, mai tsabta, babu Inna a ciki ko kaɗan. Daga baya Gwaggo ta gaya mini da hannunta ta wanke shi a bahon wanka, har sau biyu, saboda abin da na faɗa mata game da karen, don kada ta mayar mana da shi da ƙazanta. Ko ba ta wanke ba mu da kanmu sai mun wanke, na san da haka. Amma bakina ne ya jawo, kuma a motar nan ji na yi kamar an sake yi mana waya daga Kano. Yaya ba ta yi mini faɗa ba, ba ta kuma gode mini ba. Ta gyara ninkin bargon a cinyarta har muka iso gida.

Washegari Lahadi ce. Da hantsi mijinta ya fita da yara, na same ta a falo ta shimfiɗa bargon a kan kujera tana cire gashin kare ɗaya-ɗaya daga cikin ɗinkin, wanda wanki bai fitar ba. Na koma ɗaki na durƙusa na jawo gwangwanin. Na daɗe a durƙushe kafin na tashi. Na kawo na ajiye a gabanta, na rufe taga.

Ta buɗe, ta kwance ledar. Ƙamshin ya ragu, amma yana nan. Ta ɗauki ɗankwalin da hannu biyu ta kai fuskarta, kafaɗunta suka fara rawa. Na zauna a ƙasa kusa da ƙafarta ina kallon bango. Da ta samu ta yi magana sai ta ce, "Dama na san yana wurinki." Ta sake shaƙa. "Har yanzu da ƙamshinsa."

Na ce, "Naki ne, Yaya. Ki ɗauka."

Maganar tana fita na dubi ɗankwalin. Shi kaɗai ya rage mini, kuma na kama kaina ina jiran amsar da na yi wata shida ina zagi, ina roƙon Allah a zuciyata ta ce ya fi kyau a wurina. A lokacin na san abin da ta ji ranar da take naɗe bargon nan da hannunta tana murmushi.

Yaya ta dube ni da jajayen idanu. Ta ninke ɗankwalin, ta mayar a ledar, ta ɗaure bakin tam, ta rufe gwangwanin, ta tashi ta shiga da shi ɗakinta. Da yamma na ji ta tana neman ƙaramar allurarta ta ɗinkin hannu, na ce ta duba cikin kwalin zare.